Gashi Kafin Fiɗa a Sankarar Mama: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Kan Gwadawa

 

Ƙa'idar da likitocin duniya suke bi a yau ita ce, idan an gano sankarar mama tun tana ƙarama, fiɗa ake fara yi a cire ƙullutun, gashi ya biyo baya. To amma an ɗan jima wasu cibiyoyin bincike a Turai da Amurka suna gwada juya wannan tsari, su fara da gashi kafin fiɗa. Labarin ya iso mana har nan unguwar Amrigebe a N'Djamena ta wayoyin hannu, kuma kamar yadda labarin magani ya saba, bai iso shi kaɗai ba. An yi masa gishiri, wai an samo hanyar da mace za ta warke ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba. Ba haka zancen yake ba. Macen da ta jinkirta zuwa asibiti tana jiran wannan hanya, tana iya rasa lokacin da ba ya dawowa. Shi ya sa muka tattara abin da ya tabbata a wannan mas'ala, domin limamai da ɗalibai da masu gida su sami abin faɗa idan an tambaye su.

Ma'anar gashi

Abin da Bahaushe yake kira gashi a nan shi ne wanda takardun asibiti na Faransanci suke rubutawa radiothérapie, Larabawa kuma su ce al-ilaj al-ish'a'i. Kalmar gashi tana ruɗa mutane ta fuska biyu. Ta farko, da ita ake kiran motsa gaɓoɓi da ɗumama su da ake yi wa mai shanyewar jiki ko wanda ya karye, alhali babu abin da ya haɗa su. Ta biyu, tana sa mai ji ya tuna da wuta da garwashi. A wannan magani babu wuta, babu zafi. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ƙarfinsa ya ninka wancan nesa ba kusa ba. Mara lafiya za ta kwanta a kan gado, injin ya zagaya ta, ya harba hasken daidai wurin da aka auna. Zaman duka ba ya wuce minti 10 zuwa 20, kuma mafi yawan lokacin a daidaita kwanciyarta yake tafiya.

Yadda yake aiki shi ne, kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da rubutaccen tsari da ake kira DNA, wanda da shi take rabuwa ta hayayyafa. Hasken yana yayyanka wannan rubutu. Ƙwayoyin sankara suna rabuwa da sauri kuma ba su iya gyaran ɓarna sosai ba, sai su mutu idan sun zo rabuwa. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi su iya gyara kansu idan an ba su hutu. Wannan ne dalilin raba gashin kashi-kashi, kullum kaɗan. Ma'aunin hasken sunansa gire, ana rubuta shi Gy, daga sunan wani masanin Ingila, Louis Harold Gray.

Injinan iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai aiki da sinadarin kobal-60, wanda ƙarfinsa yake raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, sai an canza shi. Akwai kuma na zamani mai ƙirƙirar hasken da wutar lantarki, wanda ya fi iya saiti amma ba ya jure ɗaukewar wuta da rashin injiniya.

Wace ce sankara ta matakin farko

Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu. A mataki na 1 ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, kamar girman magarya, kuma bai kama kaluluwar hammata ba. A mataki na 2 yana tsakanin santimita 2 da 5, wato har zuwa girman lemun tsami, ko kuma ya taɓa kaluluwa kaɗan. Waɗannan biyun su ake nufi da matakin farko. A mataki na 3 ya girma, ya kama fata ko bangon ƙirji ko kaluluwa da yawa. A na 4 ya tafi ƙashi ko hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Duk maganar da za ta zo game da gashi kafin fiɗa, a kan matakin farko take, kuma galibi a kan mafi ƙanƙantarsa.

Yadda aka kai ga tsarin yau

Wilhelm Röntgen ya gano hasken hoton ƙashi a Jamus a 1895, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom a Faransa a 1898. A daidai wannan zamani William Halsted, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya kafa aikin da ya mamaye duniya kusan shekara 80: a cire mama duka, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Aiki ne mai nakasa mace, amma ana ganin babu makawa.

Gashi kafin fiɗa ba sabon abu ba ne. François Baclesse ya yi aiki da shi a Cibiyar Curie ta Paris tun shekarun 1930 da 1940. Babban gwajin da aka yi masa kuwa shi ne na birnin Stockholm a Suwidin, daga 1971 zuwa 1976, inda aka raba mata 960 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu gashi kafin fiɗa, wasu gashi bayan fiɗa, wasu fiɗa kaɗai. Duk waɗanda aka yi wa gashi, kafin ko bayan, cutar ta rage dawowa a wurin da aka yi aikin. Amma tsakanin na kafin da na bayan ba a ga wani fifiko mai ƙarfi ba. Tun da babu fifiko, likitocin fiɗa suka zaɓi yanka fatar da ba a gasa ba, domin ta fi saurin haɗewa, kuma suna so su ga hakikanin cutar a madubin likita kafin a taɓa ta da komai.

Sai gwaje-gwaje biyu suka canza al'amarin baki ɗaya. Umberto Veronesi a Milan ta Italiya daga 1973, da Bernard Fisher a Amurka daga 1976, suka kwatanta cire mama duka da cire ƙullutun kaɗai tare da gashi a bayansa. Aka bi matan shekara 20, aka buga sakamakon duka biyun a 2002: tsawon rai bai bambanta ba. Daga nan aka san cewa mace mai ƙaramin ƙullutu tana iya tsira da mamanta, da sharaɗin a yi gashin. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin za mu dawo kansa.

Amfanin gashin bayan fiɗa yana da hujja mai ƙarfi. A 2011 wata ƙungiyar masu bincike da ke da mazauni a Oxford ta haɗa gwaje-gwaje 17 masu mata 10,801 da aka cire musu ƙullutu aka bar maman. Cikin shekara 10, cutar ta dawo wa kashi 35 cikin 100 na waɗanda ba a yi musu gashi ba, ta dawo wa kimanin kashi 19 na waɗanda aka yi musu. Mutuwa saboda cutar cikin shekara 15 ta sauka daga kimanin kashi 25 zuwa 21. Tsawon gashin ma ya yi ta raguwa. Da ana yin gire 50 a zama 25, mako biyar cur. Gwaje-gwajen START na Ingila suka nuna gire 40 a zama 15, mako uku, ya wadatar. A 2020 gwajin FAST-Forward, mai mata fiye da 4,000, ya nuna gire 26 a zama 5, mako ɗaya, bai gaza na mako ukun ba a shekara biyar na bibiya.

Dalilan masu son a fara da gashi

Me ya sa aka dawo kan abin da aka bari? Saboda kayan aiki sun canza. Yanzu akwai hoton maganaɗisu, wanda a nan muke kira IRM, 'yan Najeriya su ce MRI, da ke nuna iyakar ƙullutu dalla-dalla, da injinan da ke iya tara haske a wuri ɗan ƙarami. Idan ƙullutun yana nan, likitan gashi yana ganin abin da yake hari. Idan an riga an cire shi, abin da ya rage rami ne mai ruwa, wanda siffarsa take canzawa, sai a faɗaɗa wurin gashin don kada a yi kuskure. Wanda yake ganin abin farautarsa ba ɗaya yake da mai bin sawu ba. Ƙari a kan haka, naman da ya sha haske mafi yawa shi ne za a yanke a fitar lokacin fiɗa, don haka ana fatan tabo da taurin mama za su ragu. Sa'an nan idan aka duba abin da aka cire, za a ga yadda cutar wannan mace ta amsa gashin, abin da ba a iya sani idan gashin ya zo daga baya.

Akwai dalili na musamman ga wadda za a cire mata mama duka a sake gina wani da fata da kitsen mararta. Idan aka gina sa'an nan aka gasa, sabon maman yakan yi tauri ya takure. Idan kuwa aka jira sai an gama gashi, takan zauna watanni ko fiye da shekara ba mama. Gwajin PRADA na asibitocin Landan, wanda aka buga a 2022, ya yi wa mata 33 gashi da farko, sa'an nan aka cire aka gina a aiki ɗaya. Huɗu daga cikinsu rauninsu ya buɗe, wanda bai zarce abin da aka saba gani ba.

Dalilin ƙarshe zato ne da ake kan bincike. Ana cewa idan haske ya kashe ƙwayoyin sankara suna cikin jiki, garkuwar jiki takan ga gawarwakinsu ta gane su, sai ta riƙa farautar irinsu a wasu wurare, kamar yadda rigakafi yake aiki. A 2017 masu bincike na Cibiyar Moffitt da ke Tampa a jihar Florida suka duba rajistar mata 250,195 masu sankarar matakin farko a Amurka. Cikinsu 2,554 kaɗai, wato kashi 1 cikin 100, aka yi wa gashi kafin fiɗa. Suka ga cewa a cikin masu nau'in da ke jin sinadarin istirojin, waɗannan sun fi ƙarancin samun sabuwar sankara daga baya, kuma tsawon ransu bai ragu ba. Wannan binciken ne ya fi yawo a kafafen labarai.

Ƙarfin wannan hujja

Ɗalibin hadisi ya san cewa daɗin matani ba ya inganta isnadi. Likitoci ma suna da darajojin hujja. Mafi ƙarfi ita ce gwajin da aka raba mutane masu yawa ta ƙuri'a, aka bi su shekaru. Binciken Moffitt ba irin wannan ba ne. Duba tsofaffin takardu ne, kuma ba ƙuri'a ce ta zaɓi matan nan 2,554 ba, likitocinsu ne suka zaɓe su saboda dalilan da rajistar ba ta rubuta ba. Irin wannan bincike yana buɗe ƙofar tambaya, ba ya yanke hukunci.

Gwaje-gwajen da aka shirya musamman kuwa ƙanana ne. A Jami'ar Duke ta Amurka, a sakamakon da aka buga a 2015, mata 32 ne aka yi wa gashi zama ɗaya tak, gire 15 ko 18 ko 21, aka yi fiɗa cikin kwana 10. A gwajin PAPBI, wanda Cibiyar Sankara ta Amsterdam ta jagoranta, mata 133 masu shekara 60 zuwa sama aka yi wa gashin ɓangaren mama kaɗai, fiɗa ta biyo bayan mako shida. Wanda ya fi jan hankali shi ne ABLATIVE na Utrecht a Holan: mata 36, zama ɗaya na gire 20, aka jira wata 6 ko 8 kafin fiɗa. Da aka duba naman da aka cire, 15 daga cikinsu, kashi 42 cikin 100, ba a sami ƙwayar sankara mai rai ba. Daga irin wannan ne zancen warkewa ba wuƙa ya samo asali. Amma a lura da abu biyu. Dukkan matan 36 an yi musu fiɗa, da ita ma aka san sakamakon. Kuma 21 daga cikinsu, fiye da rabi, da sauran cutar a jikinsu bayan gashin. Da an bar su ba fiɗa, da an bar su da ita.

Su wa aka shigar cikin waɗannan gwaje-gwaje na gashin ɓangaren mama? Mata masu shekara 50 ko 60 zuwa sama, masu ƙullutu ɗaya da bai wuce santimita 2 ko 3 ba, wanda bai kama kaluluwa ba, kuma galibi nau'in nan mai tafiyar hawainiya da ke jin istirojin. Mafi yawan irin waɗannan ƙullutai hoton mamografi ne ya gano su kafin hannu ya ji su.

Hanyar tana da nata aibu. Fatar da aka gasa tana iya jinkirin haɗewa bayan yanka. Babbar matsalar kuma ita ce, hakikanin girman cutar da yawan kaluluwar da ta kama, bayan fiɗa ake tabbatar da su, kuma a kansu ake yanke shawarar ko mace tana bukatar allurar kemo. Idan gashi ya riga ya canza naman, wannan shaida takan dusashe, sai a iya rage wa wata magani ko a ƙara wa wata abin da ba ta bukata. Saboda haka har yanzu, ga sankarar matakin farko, gashi kafin fiɗa abu ne na cikin gwaji, a hannun cibiyoyin da ke bibiyar kowace mace sosai. Bai zama ƙa'ida ba, ko a ƙasashen da suke da injin a kowane babban gari.

Kada a haɗa shi da wasu abubuwa biyu da suka yi kama da shi. Kemo kafin fiɗa, wanda a asibitocinmu ake ce wa shimiyo, tabbataccen magani ne ga babban ƙullutu da nau'o'i masu saurin yaɗuwa, kuma ana yin sa kullum. Haka nan gashi ga ƙullutun da ya girma har fiɗa ta gagara, ko wanda ya fashe yana zubar da jini, ko ciwon ƙashi da cutar ta kawo, wanda sau da yawa zama ɗaya na gire 8 yake sauƙaƙa shi. Waɗannan duk sanannu ne, babu saɓani a kansu.

Halin da muke ciki a Chadi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan miliyan 2.3 suka kamu da sankarar mama, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki mafi yawa suna rayuwa. A namu yankin ba haka ba. Wani bincike da ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka kudu da Sahara, aka buga a 2020, ya samu rabinsu kaɗai ke raye bayan shekara uku, a Najeriya kuwa kashi 36 cikin 100. Babban dalili shi ne zuwa a makare. Mace takan ji ƙullutu ba ya ciwo ta ƙyale shi, ko a ce daji ne ba ya son ƙarfe, a yi ta shafe-shafe da sakiya har ya fashe. Ga shi kuma matanmu da yawa suna kamuwa suna da shekara 30 ko 40 da wani abu, wasu suna goyo, sai a ɗauka ciwon nono ne na shayarwa. Wato mafi yawansu ba su cikin siffar matan da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu.

Sai maganar injin. Lokacin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na Rays of Hope a Adis Ababa a watan Fabrairun 2022, Chadi tana cikin ƙasashe bakwai na farko da aka sa a ciki, tare da Nijar da Benin da Senegal da Kenya da Malawi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A lokacin babu injin gashi ko ɗaya a faɗin ƙasar nan, kuma manufar ita ce a kafa cibiya ta farko a N'Djamena. Nijar ta riga mu, ta buɗe tata a Yamai a 2021. Har zuwa ranar da tamu za ta kama aiki sosai, fiɗa ana yin ta a gida, a Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Uwa da Yaro da makamantansu, amma gashi tafiya ce. Wasu su haye gadar Ngeli zuwa Kuseri, su bi Marwa da Garwa da Ngaundere har Yawunde ko Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wasu su bi Gamboru da Maiduguri da Kano zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Abuja. Masu hali su tafi Masar ko Tunisiya. Hartum, wadda take da cibiyar gashi tun shekarun 1960, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe hanyarta.

Wanda ya san wannan wahala zai ga abin sha'awa a gashin zama ɗaya. Da ya tabbata, da mace ta je ta kwana biyu ta dawo a yi mata fiɗa a gida. Muna fatan haka. Sai dai wannan salon ne ya fi kowanne bukatar IRM da inji mai tsananin saiti da ƙwararrun masu awo, domin wanda ya zuba maganin duka a harbi ɗaya ba shi da damar gyara kuskure gobe. A ganinmu abin da ya fi kusa da amfanar matanmu a yau shi ne gashin mako uku ko mako ɗaya bayan fiɗa, wanda hujjarsa ta riga ta tsaya. Bambancin zaman mako biyar a Duwala da zaman mako ɗaya, kuɗin masauki da abincin mai jinya ne na wata guda. Ya kamata duk mai tafiya ya tambayi likitan ko mara lafiyarsa ta cancanci gajeren tsarin.

Yanzu mu koma kan sharaɗin da muka ce a riƙe. Barin mama da cire ƙullutu kaɗai rabin magani ne, gashi ne cikonsa, kuma likitoci suna son a fara shi cikin mako 4 zuwa 8 bayan fiɗa idan babu kemo a tsakani. Iyalin da suka nace a bar maman, alhali ba su da halin tafiya, sun zaɓa wa 'yarsu wancan kashi 35 ɗin ba su sani ba. Cire mama duka kuwa, ga ƙaramin ƙullutun da bai kama kaluluwa ba, galibi ba ya bukatar gashi, kuma tsawon rai ɗaya ne. Saboda haka tambayar ina za a yi gashi, da nawa, kuma yaushe, kafin a shiga ɗakin fiɗa ake yin ta. A fara da ɗibar ɗan nama da allura a auna, wato biyopsi, a san nau'in cutar, ko tana jin istirojin, ko tana da alamar HER2. Mai jin istirojin akwai ƙwayoyi irin su tamoksifen da ake sha shekara 5 zuwa 10, masu sauƙin kuɗi kuma masu babban amfani. Idan tafiya ta kama, a ɗauki takardar sakamakon naman, da ɗan dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, da hotuna, da bayanin likitan da ya yi fiɗar. Rashin waɗannan yakan sa a sake komai daga farko a can.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021, ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na 1 ko 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 su gama maganinsu. Na farkon yana hannun gidaje da masallatai fiye da hannun likita. Duk ƙullutu a mama ko hammata, ko shigewar kan nono ciki, ko fitar jini daga gare shi, ko fatar da ta zama kamar ɓawon lemo, a kai asibiti a makon nan. Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne, amma awo ne yake bambance su. A watan Oktoba kuma akan yi gangamin duba mata a N'Djamena.

Abin da mai gashi za ta gani

Gajiya, da duhun fata ko saɓulewarta a wurin kamar wadda rana ta ƙona, musamman a ƙarƙashin mama, yakan lafa bayan 'yan makonni. Gashin kai ba ya zuba, wannan aikin kemo ne. Idan maman hagu ne ana kiyaye zuciya, wasu cibiyoyi sukan sa ta ja numfashi ta riƙe lokacin harbin. Ba a yi wa mai ciki, don haka a sanar da likita. Maman da aka gasa yakan rage ruwa ko ya daina, ɗayan yana shayarwa lafiya. Hasken ba ya zama a jiki. Tana fita daga ɗakin za ta iya ɗaukar jariri, ta yi girki, ta kwana da iyalinta. Ware mata kwano ko ɗaki zalunci ne ba tare da dalili ba, cutar kanta ma ba a ɗaukarta.

Mas'alolin shari'a da ake tambaya

Ana tambaya ko gashi ya shiga cikin lalas da wuta da ya zo a hadisai. Mun riga mun ce babu wuta a cikinsa. Ko lalas ɗin ma, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa an yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu da Ubayyu ɗan Ka'abu, malamai suka haɗa hadisan da cewa ya halatta idan bukata ta kama. Gashi ba ya karya azumi, domin babu abin da ke shiga ciki, kuma allurar da akan yi a jijiya lokacin hoton awo ba ta abinci ba ce, irin wadda Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta ce ba ta karyawa a zamanta na Jidda a 1997. Wadda ta galabaita tana da rangwamen mara lafiya, ta sha ta rama. Ɗigon tawada da ake yi a fata don saita injin, ko da na dindindin ne, alamar magani ce, ba zanen ado da aka hana ba. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan ba tare da cuɗa wurin ba yawanci babu laifi, idan kuma fatar ta saɓule har ruwa zai cutar, hukuncin mai rauni ne, ta yi shafa a kan bandeji.

Game da buɗe jiki, wannan Majalisar a zamanta na Brunai a 1993 ta jera: likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai waninsa, a buɗe gwargwadon bukata, tare da miji ko muharrami ko amintacciyar mace. A ɗakin gashi ba wanda yake tsayawa lokacin harbin, ko ma'aikatan fita suke yi su kalla ta kyamara, don haka mai rakiya ya jira a waje. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a yankinmu, jiran sai an sami mace yana iya zama jiran da zai kashe.

Izinin fiɗa na mara lafiyar ne idan baliga ce mai hankali, kamar yadda Majalisar ta tabbatar a 1992. Miji yana da shawara, ba shi da ikon hana ta abin da zai ceci ranta, kuma ba daidai ba ne a ɓoye mata sunan cutarta a yanke hukunci a bayanta. Kuɗin magani kuwa, mashhurin zance a littattafan mazhabobi na da bai wajabta shi a kan miji ba, a zamanin da magani bai kai matsayin da ya kai yau ba. Malamai na wannan zamani irin su Shaihu Wahba az-Zuhaili sun tafi a kan cewa yanzu magani kamar ci da sha da tufafi yake a cikin ciyarwa, kuma wannan muke rinjayarwa. Idan abin ya fi ƙarfin miji, mara lafiya matalauciya tana cikin masu cin zakka, kuma ya halatta a ba ta abin da zai kai ta Duwala ko Zariya ya dawo da ita, har da kuɗin mai rakiyarta. Wallahu a'alam.